Gandu, Bashi da Dillali: Aikin da Ke Jiranmu a Gida



Mun taru yau ne domin mu tattauna wani fanni na ilmin tattalin arziki wanda ake ta shirya masa tarurruka a jami'o'in duniya, watau binciken ƙa'idoji da al'adun da jama'a ke bi wajen ciniki, da bashi, da mallakar ƙasa. Masanan fannin sun ce arziki ba ya haɓaka sai inda mutum ya tabbata za a cika masa alkawari. A kan wannan aiki aka ba Douglass North kyautar Nobel a 1993. Aka kuma ba Elinor Ostrom a 2009, saboda ta nuna yadda talakawa kan tsare makiyaya da ruwan da suka yi tarayya a kai, da dokokin da suka shimfiɗa wa kansu.

To, mu 'yan Kankiya da Kusada a cikin irin waɗannan dokoki muka tashi. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, baƙi sun riga mu rubuta su. Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina, ta fitar da littafinta a 1972, inda ta bayyana gandu: uba ya ciyar da ɗa, ya yi masa aure, ya biya masa haraji, ɗan kuwa ya yi masa noma, ya sami gayaunarsa. Ta gano cewa gandun mai hali ya fi daɗewa, na matalauci ya fi saurin watsewa.

Tun kafin ita, a 1969, Abner Cohen ya bayyana yadda maigida a Sabon Ibadan yake saukar da fatake, ya tsaya musu idan an sayar wa mahauta shanu bashi. Sunansa shi ne jarinsa, ranar da ya ɓaci ciniki ya ƙare.

Har ila yau, a 1988 da 1989 Christopher Udry ya bi gidaje wajen 200 a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya. Ya tarar ana ba da bashi tsakanin waɗanda suka san juna, galibi ba takarda, ba jingina. Idan masifa ta faɗa wa mai cin bashi, a sassauta masa. Idan ta faɗa wa mai bayarwa, mai biya ya ƙara ƙoƙari. Ashe bashin ƙauye har da inshora a cikinsa.

Waɗannan bincike an karanta su a zaurukan taro na Ingila da Amurka, da Turanci, alhali kuwa manoman da aka yi wa tambayoyi kaɗan ne cikinsu za su iya karantawa. Illar a fili take. Duk wanda ya tsara rancen manoma bai san yadda ake biyan bashi a ƙauye ba, kuɗin zai salwanta, a ce talaka ba shi da amana. Duk wanda ya raba daji bai tambayi inda burtali ya bi ba, ya haɗa manomi da makiyayi faɗa.

Saboda haka muna roƙon kowane ɗayanmu, idan an yi hutu, ya tafi gida da littafi da alƙalami. Ya zauna da dillali a kasuwar Kankiya ya ji wa ke biya idan mai saye ya gudu. 'Yan'uwanmu mata su tambayi uwar adashi abin da ake yi wa wadda ta kwasa ta daina zubi. A Kusada a nemi dattawa su nuna iyakar burtali, su faɗi wanda ke sasanci idan shanu suka yi ɓarna. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Abin da muka samo mu rubuta shi da Hausa, mu karanta wa masu shi su gyara mana, sa'an nan mu kai shi taron masana.

 Allah ya ba mu sa'a, amin.