Ba LinkedIn Ne Ya Kwashe Likitocin Najeriya Ba



Kowa a zauren nan ya ji lissafin da Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayar a 2024: likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, wajen 55,000 suka rage. Ba sai an tsaya a kansa ba. Abin tsayawa shi ne laifin da wasu shugabannin asibitoci ke ɗora wa shafukan intanet na ƙwararru, wai su ke hure wa ƙananan likitoci kunne su bar ƙasar.

Ƙaramin likita a Kano ko Zariya ba ya buɗe LinkedIn don neman ƙarin girma. Ya san girmansa na hannun jarrabawar kwalejin ƙwararru da binciken da ya wallafa, shi ya sa malaman jami'a suka fi liƙe wa ResearchGate. A wurinsa LinkedIn ƙofar fita ce. WhatsApp da Telegram kuwa makarantar dare ce, inda likitoci ke bitar PLAB don shiga Ingila, nas-nas na fama da jarrabawar OET da NCLEX.

A tuna watan Agustan 2021. Likitoci masu neman ƙwarewa na cikin yajin aiki sai masu ɗaukar ma'aikata don Saudiyya suka kama zaure a otal ɗin Sheraton da ke Abuja. Likitoci suka yi dafifi, har da manyan ƙwararru masu furfura, kowa da takardunsa a hammata. Hotuna suka bazu, hukuma ta ji kunya, jaridu suka ruwaito cewa jami'an tsaro sun watsa taron. To, me aka tsare? Mai neman likita a yau ba ya buƙatar otal. Saƙo zai tura wa likitar mata da ke kwanan aiki a Gusau, a yi ganawa ta Zoom bayan la'asar, ba layi, ba hoto, ba wanda za a watsa.

Tunanin da ya watsa taron Sheraton shi ya haifi ƙudurin 2023 a Majalisar Wakilai, na a riƙe cikakken lasisin likita sai ya yi wa ƙasa aiki shekara biyar. Shi ya haifi sanarwar Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Fabrairun 2024, mai gindaya shekara biyu na aiki kafin a tantance takardun mai son fita. Kullum ƙofa ake dannewa, ba a tambayar abin da ke korar mutane daga ɗakin.

Dalilin da ya sa ma'aikacin lafiya ke ganin shafukan nan hanyar waje kaɗai a fili yake: na waje ne ke tallar aiki a cikinsu. Asibitin Ingila zai rubuta gurbi da albashi da sharuɗɗa. A gida kuwa sau da yawa a bakin mutane ake jin labarin gurbi, a cike shi da takardar wani babba.

Masu fargabar tonon sirrin majiyyaci a shafukan nan kuwa, ƙa'idar aiki ta daɗe da haramta wannan. Wanda ya saɓa a hukunta shi.

Shawara uku ce. Kowane asibitin gwamnati ya riƙa sanya gurabensa a shafukan da ma'aikata ke dubawa, da ranar rufewa. Hukumomin lasisi su sauƙaƙa lissafa karatun intanet cikin makin sabunta lasisi, don na ƙauye ya huta da hawa motar haya zuwa taron bita a birni. Sannan a ɗauki tsarin ECHO, wanda Jami'ar New Mexico ta fara a 2003 kan ciwon hanta, inda ƙwararre ke zama ta bidiyo da likitocin karkara suna warware matsalolin marasa lafiyarsu. Ƙwararrun da suka tafi Jidda da Landan suna nan a shafukan da ake zagi, da sunayensu da fannoninsu. Ma'aikatun lafiya na jihohi su tuntuɓe su, a ware musu awa ɗaya a mako da manyan asibitocin ƙananan hukumomi.