Gawayin Bawon Gyaɗa da Tsutsar da Ke Cin Saiwa

Jawabin da aka gabatar a taron 'yan gida mazauna Makka

Na san wasu sun taso tun daga Jarwal da Masfala bayan sun tashi daga aiki, don haka ba zan tsawaita ba.

Wani zai ce me ya haɗa likita da gonar gyaɗa? To, kusan kowa a nan yana aika riyal gida kafin damina, ni ma haka. Shekara biyu a jere ƙanena yana kirana: “Yaya, gyaɗar nan ta yi rawaya, ta ƙi tashi, a ƙaro kuɗin taki.” Ina ƙarawa, ba ta canza zani ba. Da na je hutu a watan Agusta, wani malamin gona ya tuge gindi ɗaya ya miƙo mini. Saiwar duk ta kumbura, ƙulli-ƙulli kamar carbi. Ashe taki muke ta zuba wa shukar da ta kasa sha.

Abin da ke yin wannan ɓarna wata 'yar tsutsa ce da ido ba ya gani sai da madubin likita. Masana na kiranta nematod, dangi ɗaya suke da tsutsar cikin da nake ba yara magani a kanta. Tana shiga saiwa ta zauna, wurin ya kumbura, ruwa da abinci su kasa hawa. Ta fi son ƙasa mai yashi, irin jigawar da muke noman gyaɗa a kanta.

A nan sai an lura, domin lafiyayyar gyaɗa ma tana da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarta, kuma su ne ke samar mata da taki daga iska. Na alheri a gefen saiwa suke manne, da ka murza sai su faɗi, in ka fasa cikinsu ja-ja ne. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura, ba ya ɓantaruwa. Ku gaya wa na gida su ɗauko muku hoto ta WhatsApp kafin ku aika ko sisi.

Ga inda abin ya taɓa aikina. Tsutsar takan raunata kwanson gyaɗa tun yana cikin ƙasa, shukar da ta galabaita da fari kuma ba ta iya kare kanta. Ta nan fumfuna ke samun ƙofa, irin wadda ke fitar da gubar afalatoksin. Gubar nan ba ta mutuwa da suya, tana nan a cikin ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, kuma tana jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Na ga magidanta 'yan shekara arba'in da suka zo asibiti bayan ciki ya kumbura, lokaci ya ƙure.

Yanzu gawayin. Ba na itace nake nufi ba, kada a ce likita ya aika a sare bishiya. Bawon gyaɗar da muke tarawa a bayan gida, da totuwar masara da buntun shinkafa, su ake ƙonawa a rami ko a durom mai murfi, da iska kaɗan, a kashe da ruwa kafin su zama toka. Dabarar tsohuwa ce: a dajin Amazon na ƙasar Barazil akwai baƙar ƙasa da mutanen da suka cakuɗa da gawayi, har yau tana da albarka. Gawayi cike yake da ƙananan ramuka. Yana riƙe ruwa da taki a cikin yashi, kuma ƙwayoyin halittar ƙasa masu amfani suna samun maɓoya, har da masu cin ƙwan tsutsar. A gwaje-gwajen masana, wani lokaci kumburin ya ragu sosai, wani lokaci kaɗan, ya danganta da irin ƙasa da irin gawayin. A yarenmu na asibiti, maganin ƙarin ƙarfin jiki ne, ba allurar kashe cuta ba.

Kuskuren da muka yi a farko shi ne zuba shi ɗanye. Sai ya zuƙe ɗan takin da ke ƙasar, shuka ta ƙara ramewa. A daka shi, a gauraya da takin dabbobi, a yayyafa ruwa, a bar shi kamar mako biyu zuwa uku kafin huɗa. Kuma a waje za a ƙona, ba a zaure ko ɗaki ba. Hayaƙin gawayi na kashe mutum yana barci.

Iyayenmu na nan sun tuna 1975, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki, dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi kamar da ba. Ita waccan darɓa ce ta yaɗa ta, an kuma sami iri mai jure mata, irin su SAMNUT na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya. Wannan ta cikin ƙasa kuwa tana buƙatar sauyin shuka: bana gyaɗa, baɗi dawa ko gero, ba tumatir ko kuɓewa ba, don su ma tana cin su.

Roƙona ga shugabanni, a ware wani abu daga asusun ƙungiya a sayi durom biyu ko uku, a zaɓi gonaki kaɗan. Kowace a raba kunya goma da gawayi, goma babu, iri ɗaya, rana ɗaya. A namu gwajin, ɓangaren gawayi ya fi jure tsayawar ruwa, kumburin ya ragu amma bai ɓace ba. Gona ɗaya ba hujja ba ce, shi ya sa nake son mu yi da yawa, a auna a kwano lokacin cira, a kawo mana lissafi a taron baɗi.

Wanda bai taɓa gwajin ciwon hanta ba, ya tsaya ya gan ni bayan an sha shayi.