AMSOSHIN WASIƘUNKU: Nas daga Zurmi na tambaya, kwas ko digiri?

Wasiƙarmu ta wannan mako daga Zurmi ta fito, cikin Jihar Zamfara, daga wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. Ta ce ita nas ce mai rajista, shekararta 8 tana aiki, tana da aure da 'ya'ya uku. Ga shi tana ji tana gani na bayanta masu digiri za su wuce ta. Wasu sun ce ta tafi kwas, wasu sun ce digiri, wani kuma ya ce zai samo mata digiri daga Kwatano ba tare da ta motsa ba. Wai wanne za ta kama?

To Malama, mun gode da wasiƙarki. Da farko ki sani, kwas da digiri ba abu ɗaya ba ne, kowane da ƙofar da yake buɗewa.

Shi kwas na ƙwarewa hannunki yake gyarawa a fanni guda, kuma yawanci shekara ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi. Na ungozoma, alal misali, wata 18 ne ga nas mai rajista. In ido kike so, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In ƙashi ne, ga Asibitin Dala a Kano. In taɓin hankali ne, akwai Barnawa a Kaduna da Kware kusa da Sakkwato. Na jinyar yara kuma akwai shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wannan na ƙarshe ki dube shi da kyau, domin a watan Yunin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF da Ma'aikatar Lafiya sun auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kashi 27 cikin 100 na fama da tamowa. Kin ga ke nan nas ɗin da ta ƙware a kan yara ba za ta rasa inda ake bukatarta ba a ƙasarku. Sai dai fa kwas, ko guda uku kika tara, ba ya zama digiri.

Shi kuwa digirin jinya, wanda ake kira BNSc, tsani ne. A tsarin aikin gwamnati, nas marar digiri kan tsaya ne a mataki na 14. Daga nan zuwa kujerar mataimakin darakta ko darakta, sai mai digiri. Haka nan in kina da burin digiri na biyu, ko koyarwa a jami'a, ta nan ake bi. Jami'ar Ibadan ce ta soma shi a 1965, yanzu kuwa ga shi a kusa da ku: Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya. Ɗalibin da ya fito daga sakandare shekara 5 yake yi. Ke mai rajista za ki sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB, ki fara daga aji biyu, ki yi 4. Amma ki duba takardarki ta sakandare tun yau: ana son kiredit a Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistiri da Bayoloji. In ɗaya ya gaza, ki sake zama jarrabawa bana, don ba a fafe gora ranar tafiya.

To, ina mai aure da 'ya'ya uku za ta bar gida shekara 4? Nan ne karatu daga gida ya shigo. Jami'ar NOUN tana ba nas masu rajista wannan digiri, haka ma Cibiyar Karatu daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Kina bakin aikinki, albashinki na shiga. Amma kada a ruɗe ki a ce sauƙi ne. Ana son waya ko kwamfuta da intanet mai ƙarfi, jarrabawa kuma da aikin gwaji a asibiti dole ki je da ƙafarki. Ku mutanen Zurmi kun fi ni sanin halin hanyar Ƙaura zuwa Gusau, saboda haka ki sa kuɗin mota da masauki da ranakun tafiya cikin lissafi, ku zauna da maigida ku daidaita tun kafin a sayi fom.

Batun mai digirin Kwatano kuwa, Malama, ki rufa wa kanki asiri. A watan Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a can cikin 'yan makonni ya tona asirin. Sauri ya haifi nawa? Duk makarantar da za ki shiga, ki tabbata Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Nas da Ungozoma ta Najeriya sun amince da sashen jinyarta. Kazalika kada ki bar wurin aiki sai da takardar izinin hutun karatu a hannu. Alkawarin baki ba ya hana a tsayar da albashi. Ki kuma riƙa sabunta lasisinki a kan lokaci, don za a tambaye shi.

Alhasili, shawarata ita ce, tunda abin da ke damunki tsayawa wuri ɗaya ne, kuma sauran shekarun aikinki na da yawa, digiri za ki sa a gaba, ta hanyar karatu daga gida. In kuwa ba ki da takardar ungozoma, kuma asibitinku ya yarda ya sake ki wata 18, ba laifi ki fara da ita, digirin ya biyo baya. Abin da ban so shi ne ki haɗa biyun lokaci guda, taura biyu ba ta taunuwa.

Allah Ya ba da sa'a, Ya kawo wa Zamfara zaman lafiya. Sauran nas-nas da ke da irin wannan tambaya, amsar ta haɗa da ku. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a ci gaba da aiko da wasiƙu. Ku huta lafiya.