Yadda Ake Gane Ƙwayoyin Cututtukan Numfashi a Ɗakin Gwaje-gwaje

Jama'a, tari da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro alamu ne da cututtuka da yawa suka yi tarayya a kansu. Saboda haka ko ƙwararren likita ba ya iya tabbatar da ainihin cutar da ido kawai. Ƙwayoyin da ake kira bairos ƙanana ne ƙwarai, har madubin likita na yau da kullum ba ya nuna su, kuma penisilin da ire-irensa ba sa kashe su. Wanda ya sha irin waɗannan magunguna don mura ya yi asarar kuɗinsa.

Ma'aikacin lafiya yakan sa tsinke mai auduga ya shafo majina daga can cikin hanci ko maƙogwaro. A da, akan dasa abin da aka ɗebo cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako, sa'an nan a jira kwanaki ƙwayar ta hayayyafa. Yanzu akwai gwajin gaggawa mai ba da amsa cikin minti 15 zuwa 30, sai dai yakan kuskure cutar idan ƙwayoyin kaɗan ne. Mafi inganci shi ne PCR, watau na'ura ta riɓanya gadon halittar ƙwayar sau miliyoyi har ta bayyana. Da shi aka tabbatar da shigowar korona Nijeriya, a Legas, ran 27 ga Fabrairu, 2020.

Lalle ne a ɗebi majinar tun kwanakin farko na ciwo, a kai ta cikin sanyin ƙanƙara, domin zafi yana lalata ta.