ƊALIBAN AIKIN LAUYA DA AIKIN KOYO NA LOKACIN HUTU

Lacca domin Iyayen Ƙasa da Hakimai da Malamansu na Fakku da sauran garuruwan Kebbe da Tambuwal

Wannan lacca za ta yi bayani ne a kan samarin nan da 'yan matan nan waɗanda a kan gani a kotu sanye da baƙaƙen tufafi da farar riga, suna zaune a gefe suna rubutu, ba su cewa uffan. Waɗannan ɗalibai ne masu koyon aikin lauya, an turo su ne su ga da idonsu abin da suka karanta a littafi. Ya kamata shugabannin jama'a su san ko mene ne aikinsu, da iyakar ikonsu, da abin da suke nufin zama, gama abin da ɗalibi ya gani a 'yan makonnin nan shi ya kan nuna masa inda zai zauna ya yi aiki, ko birni ko gida.

Hanyar zama lauya

Yaron da ya gama sakandare ya kan yi shekara 5 a jami'a kafin ya sami digirin shari'a. A kusa da ƙasar nan akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, inda a ke koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin ƙasa. Akwai kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. To, amma digiri kaɗai ba ya mai da mutum lauya. Tilas ne ya shiga Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya ya yi wajen shekara guda, ya ci jarrabawarta, sa'an nan a rantsad da shi, a rubuta sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. An yi dokar kafa wannan makaranta a 1962, aka buɗe ta a Ikko cikin Janairu 1963 da ɗalibai 8 tak. A 1997 aka mai da hedkwatarta Bwari kusa da Abuja, tana kuwa da rassa, har da guda a Bagauda ta Jihar Kano.

Aikin koyo iri biyu ne. Akwai na sa kai, watau ɗalibin jami'a ya nemi wani lauya ya yardar masa zama a ofishinsa lokacin dogon hutu. Akwai kuma na tilas, wanda Makarantar Horon Lauyoyi ke tura kowane ɗalibinta ya yi, da fari a kotu, daga baya a ofishin lauya. A Amurka manyan kamfanonin lauyoyi su kan ɗauki ɗalibai a hutunsu na Yuni zuwa Agusta, watau daidai da daminar ƙasar nan, su biya su albashi, wanda ya yi ƙwazo kuwa a yi masa alkawarin aiki tun bai gama karatu ba. A nan kuwa galibi ɗalibi ne ke ɗaukar nauyin kansa, kuɗin mota da na abinci da na masauki duk a wuyan iyayensa su ke.

Asalin abin

Koyon shari'a ta hanyar zama gaban masu yin ta daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da, almajirin da ya karanta Risala da Muhtasar ya kan zauna kusa da alƙali yana rubuta ƙararraki, har ya zama muhuti, wata rana ya zama alƙali. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta koma Makarantar Koyon Larabci. Malam Abubakar Gumi, wanda garinsu ke maƙwabtaka da ƙasar Kebbe, can ya yi karatu, ya kuwa fara aiki ne da rubuta shari'a a gaban alƙali a Sakkwato, kafin ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

A 1958 Gwamnatin Jihar Arewa ta kira masana shari'a a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, domin su duba tsarin kotuna. Daga shawararsu aka yi dokar hukunta laifuffuka ta 1959, wadda aka fi sani da Final Kod, aka riƙa kai alƙalai da malaman kotu Kongo ta Zariya suna koyon ta. A wancan zamani lauyoyin Arewa ba su taka kara sun karya ba. Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaƙ na Ilori, lauyan Arewa na farko, sai a 1955 aka rantsad da shi a Ingila. Kuma ba a yarda lauya ya tsaya a kotun alƙali ba. Daga 1968 aka karɓe kotuna daga hannun En'e suka koma na Gwamnati, yau kuwa Tsarin Mulki na 1999 ya ba duk wanda a ke tuhuma da laifi ikon ya kare kansa, ko ya ɗauki lauyan da ya ga dama. Saboda haka buƙatar lauya ta iso har ƙauye.

Abin da ɗalibi ke yi

A ɗauka wani yaro ne daga Fakku aka tura shi Sakkwato. Makonnin farko zai riƙa zuwa kotu da sassafe, ya zauna inda aka nuna masa. Zai ga yadda a ke shigar da ƙara a ofishin rajistara, da yadda a ke kai sammaci, da yadda a ke rantsad da mai shaida a yi masa tambayoyi, da yadda a ke neman beli. Birnin Sakkwato kuwa wuri ne mai kyau ga mai koyo, gama akwai kotunan majistare, da kotunan shari'ar Musulunci, da Babbar Kotun Jiha, da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, da Babbar Kotun Tarayya, har da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Kowace rana zai rubuta abin da ya gani a littafin da makaranta ta ba shi, mai kula da shi ya sa hannu.

Sa'an nan ya koma ofishin lauya. A nan zai ga abin da ba a gani a zauren kotu. Zai ji yadda lauya ke sauraron wanda ya kawo kuka, ya tsince maganar da doka za ta karɓa daga cikin dogon labari mai cike da ɓacin rai. Za a sa shi ya binciko hukuncin da manyan kotuna suka taɓa yankewa a kan irin wannan magana, ya gwada rubuta wasiƙa, ko takardar rantsuwa, ko yarjejeniyar ciniki, maigidan ya gyara masa. Zai ɗauki fayil ya bi lauya kotu, wata rana su wuni a zaune sa'an nan a ɗage shari'ar. Wannan ma karatu ne, don ta haka zai san abin da jinkiri ke ci wa talaka wanda ya bar gonarsa ya biya kuɗin mota. In ya koma makaranta malamai za su duba littafinsa su yi masa tambayoyi, wanda bai halarta sosai ba kuwa a kan hana shi wucewa. Gani ya kori ji.

Wanda zai yi na sa kai ya lura da abu guda. Manyan kotuna su kan tafi hutun shekara wajen watan Agusta, a bar alƙali mai sauraron maganganun gaggawa kurum. Ɗalibin da hutunsa ya faɗo a wannan lokaci zai fi samun aikin ofis, sai ya nemi kotunan da ke zama ya cike gurbin.

Iyakar ikonsa

Wannan magana ita ta fi shafar Iyayen Ƙasa. Ɗalibi ba lauya ba ne tukuna. Doka ta hana wanda ba a rantsar ba ya tsaya wa wani a kotu da sunan lauya, ko ya karɓi kuɗin aikin lauya, yin haka kuwa laifi ne. Yaro ya kan dawo gida hutu dangi su taru a kansa, wannan da maganar gado, wancan da ɗansa a tsare, suna cewa ai ga lauyanmu ya zo. Kunya ta kan sa yaro ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. In ya yi kuskure mai magana ya yi hasara, musamman da ya ke ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, in ya wuce sai da roƙon kotu. Shi kuma in labari ya kai ga hukuma ana iya hana shi rantsuwa, gama ana duba halin mutum kafin a karɓe shi, wahalar shekara 6 ta tafi a banza.

Abin da ya dace shi ne ya saurara, ya nuna wa mutum ƙofar da zai bi. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya a kai shi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976 domin marasa ƙarfi. Har wa yau kada a matsa wa ɗalibi ya faɗi abin da ya ji a ofishin maigidansa, ko da maganar ta shafi mutumin garinsu. Asirin wanda ya kawo kuka amana ce, riƙon ta kuwa yana cikin abin da aka tura shi ya koya.

Abin da suke nufin zama

Burin ɗalibai iri iri ne. Wani yana so ya buɗe ofishin kansa, wata rana ya sami muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975, ba a kuwa ba wanda bai yi shekara 10 yana aiki ba. Wani yana son Ma'aikatar Shari'a ya zama lauyan Gwamnati. Wani hankalinsa na kan banki ko kamfani a Ikko da Abuja, inda albashi ya fi tsoka. Wani kuwa kujerar alƙalanci ya ke hange. Tsarin Mulki ya ƙayyade shekara 10 da zama lauya kafin mutum ya zama Jojin Babbar Kotu, da 12 ga Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, da 15 ga Kotun Ƙoli. Mai neman zama Ƙadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuwa tilas ya kasance yana da shaidar ilmin shari'ar Musulunci wadda hukuma ta yarda da ita.

Waɗannan kujeru 'yan Arewa sun hau su. Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina ya zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta Kano ta hau wannan kujera a 2012, ita ce mace ta farko, abin da ya kamata uban da ke shakkar barin 'yarsa ta yi wannan karatu ya tuna. A nan gida kuma, Alhaji Aminu Waziri Tambuwal ya gama digirin shari'a a Sakkwato a 1991, aka rantsad da shi a 1992, ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai, ya zama Shugabanta daga 2011 zuwa 2015, sa'an nan Gwamnan Jiha daga 2015 zuwa 2023.

Abin lura shi ne, ofisoshin lauyoyi a birane suka taru, ɗalibi kuwa abin da ya gani shi ya ke sha'awa. In duk koyonsa bai wuce cinikin filayen birni da bashin banki ba, da wuya ya yi tunanin akwai aikin da ke jiransa a Kuchi ko Margai ko Sanyinna.

Inda Iyayen Ƙasa za su taimaka

Rigingimun ƙasar nan sanannu ne: iyakar gona, da rabon gado, da jingina, da ɓarnar dabbobi, da toshe burtali, da maganar aure. Yawancinsu a zauren Uban Ƙasa su ke ƙarewa ta hanyar sulhu, ba su kai kotu ba. Ko da ya ke Uban Ƙasa ba ya yanke hukunci yanzu, zaurensa makaranta ce wadda babu irinta a Bwari. Saboda haka abu na farko, in ɗalibi ɗan ƙasa ya zo hutu a ba shi wurin zama ya saurari sulhu, da yardar masu magana, ya ga yadda dattijo ke kashe wutar da in ta kai kotu sai ta ci shekaru.

Na biyu ya shafi Malamai masu riƙe da littattafan ofis. A mazhabar Malikiyya akwai hukuncin hauzi, watau wanda ya ga bare yana noma gonarsa har shekara 10, yana nan a gari bai yi magana ba, ba kuwa da wani uzuri ba, to ƙararsa ta kan faɗi, sai fa in ya tabbatar aro ne ya bayar ko jingina. To, mai bayarwa da shaidunsa su kan mutu, 'ya'ya su tashi ba su da hujja. Don haka kowane aro da jingina da ciniki a rubuta shi, da kwanan wata, da sunayen maƙwabta na gabas da yamma da kudu da arewa, da shaidu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da takardar izinin riƙe fili a karkara. Ɗalibin da ya ga yadda kotu ke auna takarda yana iya zama da Malami su duba tsarin rubutun, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa, wannan kuwa bai saɓa doka ba muddin ba da sunan lauya ya yi ba, bai kuwa karɓi lada ba.

Na uku, Uban Ƙasa ya san 'ya'yan ƙasarsa da ke wannan karatu, ya rubuta sunayensu. Wanda aka tura birni ba shi da masauki a haɗa shi da ɗan gari mazaunin can. Wanda ke neman ofishin da zai yi koyo a ba shi takarda zuwa ga lauya mai mutunci. A kuma tuna wa Ƙaramar Hukuma da masu hali cewa kuɗin Makarantar Horon Lauyoyi yana da nauyi, akwai masu digiri da ke zaune a gida saboda rashinsa.

Ba za a tilasta wa kowa ya dawo ƙauye ba, kowa da inda Allah ya ajiye abincinsa. Amma yaron da aka ba tabarma a zaure, aka taimake shi ranar da ya rasa kuɗin mota, ko ya zama Joji a Abuja ya san mene ne burtali, ya kuma san abin da ɗage shari'a ke jawo wa manomi a tsakiyar damina.

Allah ya taimaki Sarkin Musulmi, ya ƙara wa Iyayen Ƙasa lafiya da adalci, ya ba yaran nan ilmi mai amfani, amin.