Tunawa Da Malamar Nas-Nas, Kofoworola Pratt

(Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Tsafe)

 

Yau zan ba ku labarin wata mata da ta yi wa ƙasar nan aiki. Sunanta Kofoworola Pratt. Bayarabiya ce, haifaffiyar Ikko. Ta rasu a shekarar 1992, amma har gobe masu aikin jinya ba su manta da ita ba.

Tun tana yarinya take son aikin jinya, wato aikin nas. Amma mahaifinta bai yarda ba. A ganinsa aikin bai dace da 'yarsa ba. Ta yi biyayya, ta koyi aikin malanta, ta koyar a wata makarantar 'yan mata a Ikko.

Bayan ta yi aure, sai tafiya ta kama su zuwa Ingila ita da mijinta. A shekarar 1946 ta shiga makarantar koyon jinya ta asibitin St Thomas da ke Landan. A lokacin ta haura shekara 30, kuma har ta haihu. Ba ta ce girma ya kama ta ba. Ta zauna aji tare da 'yan matan da ta girme su, ta yi karatu, ta ci jarrabawa.

A shekarar 1954 ta dawo gida, ta nemi aiki a babban asibitin koyarwa na Ibadan. A wancan zamani Turawa ne ke riƙe da manyan muƙamai. Da farko an hana ta matsayin da ya dace da iliminta. Ta yi haƙuri, ta ci gaba da aiki. A 1964 ta zama shugabar nas-nas ta asibitin. Ita ce 'yar Nijeriya ta farko da ta hau wannan kujera. Daga baya ta zama shugabar masu jinya ta ƙasa baki ɗaya.

Amma babban aikinta shi ne koyarwa. Ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka ta horar da 'yan ƙasa, ta kuma sa hannu wajen kafa sashen koyon jinya a Jami'ar Ibadan a 1965. A 1973 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ba ta lambar girma. Ta kuma yi kwamishiniyar lafiya ta Jihar Legas.

To jama'a, mu dawo gida. Kowa a nan ya san abin da kan faru idan naƙuda ta yi tsanani. Wani magidanci sai ya ƙi kai matarsa asibiti, don ba ya son namiji ya duba ta. A yi ta jinkiri har jini ya ƙare. Wani lokaci a rasa uwa, a rasa ɗa.

Ina tambaya: idan muna son mace ta duba matanmu, daga ina macen za ta fito? Ba daga sama za ta faɗo ba. Daga gidajenmu za ta fito. Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a cikin Tsafe. Ga ta koyon jinya da unguwarzoma a Gusau. Amma ba a ɗaukar yarinya sai ta gama firamare da sakandare.

Saboda haka iyaye, mu bar 'ya'yanmu mata su gama karatu. Magidanta, wanda matarsa ke da takardar sakandare ya taimaka mata ta ci gaba. Ku kuma da kuka fara koyon baƙi da manyanta, kada ku ji kunya. Gemu ba ya hana ilimi, goyo ma ba ya hanawa.

Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Wassalamu alaikum.