Ka Je Ka Tambayi Mai Aikin

Maganarmu ta yau ta matasa 'yan makaranta ce, musamman waɗanda za su shiga aji huɗu na sakandare, da waɗanda suke shirin cike takardar JAMB. Iyaye da dattawa kuma kada ku tashi, gama akwai rabonku a ciki.

Idan ka tara yaran ikilisiya ka tambaye su abin da suke so su zama, za ka ji likita, ka ji lauya, ka ji injiniya. To, sai ka ƙara tambaya guda. Ɗana, ka taɓa zama da likita ka ji yadda yininsa yake, tun daga safe har dare? A nan ne wuri yakan yi shiru. Abin da yaron ya sani game da likita shi ne farar riga da motar da yake shiga. Ga shi kuwa a kan wannan ɗan sani ne zai zaɓi ajin kimiyya, ko na adabi, ko na kasuwanci, yana da shekara 14 ko 15. Zaɓin nan yana rufe ƙofofi. Mai son karatun likita dole ya rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks a jarrabawar JAMB. Mai son lauya ana neman ya ci adabin Turanci a WAEC ko NECO. Wanda ya farga a aji shida cewa ya shiga ajin da ba nasa ba, ya riga ya yi asarar shekaru biyu, uban kuma wataƙila ya sayar da sa, ko buhunan masara, domin kuɗin makaranta.

A Luka sura 14 Ubangijinmu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci. Amma yaya mutum zai yi lissafi in bai san kuɗin bulo da siminti ba? Sai ya je wurin magini ya tambaya. Nehemiya ma da ya isa Urushalima bai tara mutane ya ce a kama aiki nan da nan ba. Ya yi kwana uku, sa'an nan ya fita da dare ya zaga garun, ya ga inda ya rushe da idonsa, kafin ya buɗe baki. A Luka sura 2 kuma mun ga Yesu kansa yana da shekara 12, zaune a Haikali a tsakiyar malamai, yana sauraronsu, yana yi musu tambayoyi. In shi bai ji kunyar tambaya ba, kai fa?

Akwai wani fasto na ikilisiyar Anglika ta Amurka, Richard Bolles, wanda ya rasa aikinsa a wata babbar majami'a a birnin San Faransisko. A 1970 ya rubuta littafi domin taimakon 'yan'uwansa ma'aikatan ikilisiya waɗanda suke neman wani aiki, littafin kuwa ya bazu ƙwarai daga baya. Ɗaya daga cikin shawarwarinsa ita ce, kafin ka nemi wani aiki, ka je ka zauna da masu yinsa domin ka ji labarin aikin kawai, ba domin su ɗauke ka ba. Hausawa sun daɗe da sanin wannan, tun da sun ce matambayi ba ya ɓata. Abin da ya rage mana shi ne mu yi shi da tsari.

Ina za ka sami masu aikin? Ka duba kewaye da kai ran Lahadi. Wannan mama da take bi da waƙa a Zumuntar Mata nas ce, ta yi shekaru tana kwana a asibiti. Ma'ajin ikilisiya akanta ne. Akwai malamin gona, akwai bakanike, akwai tela, akwai ɗan sanda. Kana gaishe su kowane mako, ba ka taɓa tambayarsu kome ba. Kada kuma ka tsaya a majami'a kaɗai. In maƙwabcinku Musulmi shi ne mai haɗa magani a asibitin gari, ka je ka gaishe shi ka tambaye shi.

Ga inda matasa da yawa suke tuntuɓe. A ƙasarmu, in saurayi ya tsaya a ƙofar ma'aikaci yana sosa ƙeya, abin da yake zuwa zuciyar mai gida shi ne an zo neman aiki, ko kuɗi, ko hanyar shiga jami'a. Nan take sai ya ɗaure fuska. Saboda haka ka faɗi abin da ya kawo ka tun a gaisuwa. Ka ce, “Baba, ni ɗan aji biyar ne, ina tunanin karanta aikinku. Ba roƙon kome na zo yi ba. In kun sami sarari, ina so ku ba ni minti 20 in ji yadda aikin yake.” In ya sa maka lokaci, ka riga shi zuwa, da littafi da biro a hannu. In minti 20 sun cika, ka yi godiya ka miƙe, sai dai in shi ya ce ka zauna. Ku kuma 'yan mata, kada ki je gidan namiji ko ofishinsa ke kaɗai bayan an tashi aiki. Ki tafi da ƙawarki, ko ki roƙa a yi zaman a harabar majami'a, iyayenki kuma su sani.

Ka tambaye shi abin da ya yi jiya, daga shigarsa wurin aiki har fitarsa, gama wannan ya fi tambayar ko aikin yana da daɗi. Ka tambayi abin da ya fi ƙi a cikin aikin. Ka tambayi shekara nawa ya yi kafin ya fara ciyar da kansa, da abin da bai sani ba sai da ya shiga. Kada ka ce masa nawa ne albashinka, wannan rashin kunya ne. Ka ce, wanda ya fara yau, abin da ake ba shi yana isa haya da abinci? Kafin ka tashi kuma ka roƙe shi ya gaya maka wani mutum guda da ya kamata ka gani.

Likita zai gaya maka karatunsa shekara 6 ne, sa'an nan shekara guda ta koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, sa'an nan shekarar bautar ƙasa, ban da abin da yajin aiki yakan ci. Na malaman jami'a na 2022 kaɗai ya kai wata 8. Lauya zai ce shekara 5 a jami'a, da guda a makarantar horon lauyoyi, yawancin yininsa kuma karatu ne da rubuta takardu, tsayuwa gaban alƙali kaɗan ce. Amma ribar da ta fi girma, a ganina, ita ce za ka ji sunayen ayyukan da ba ka san da su ba. A asibiti guda akwai mai gwajin jini, da mai ɗaukar hoton ƙashi, da mai gashin ƙashi, kowanne da karatunsa dabam. A Vom, kusa da Jos, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi tun 1924, inda ake yin allurar rigakafi ta shanu da kaji. Yaro nawa ne ya tashi yana kiwon awakin gidansu, yana son dabba, amma ba wanda ya taɓa gaya masa wannan ma hanya ce?

Wani zai ce ai jami'o'i da kwalejojin fasaha suna tura ɗalibai wuraren aiki na wasu watanni, a ƙarƙashin shirin SIWES na hukumar ITF mai hedkwata a Jos. Gaskiya ne, shiri ne mai amfani. Sai dai yana zuwa bayan ɗalibi ya riga ya yi nisa a karatun, lokacin da juyawa take da wuya.

Ku yi hankali da halin Rehobowam ɗan Sulemanu, a 1 Sarakuna sura 12. Ya tambayi dattawa, suka gaya masa gaskiya, ba ta yi masa daɗi ba, sai ya koma wurin tsararsa ya ji abin da kunnensa yake so, mulkin kuwa ya rabu biyu. In nas ta ce maka za ka wanke gyambo, ka ɗauki gawa, kai kuwa ganin jinin kaza yana sa ka jiri, kada ka yi ta yawo sai ka sami wanda zai ce ba kome. Haka kuma bakin mutum ɗaya bai isa ba. Malamin makarantar da aka riƙe wa albashi zai ce ko maƙiyinka kada ya yi koyarwa. Wani malamin kuma ba abin da zai raba shi da alli. Ka ji mutum uku a kowane aiki, ka kawo abin da ka ji gaban iyayenka da gaban Allah cikin addu'a.

Dattawa, in yaro ya zo muku da irin wannan roƙo, ku ba shi kujera. Kada ku yi masa fahariya, kada kuma ku juye masa dukan ɓacin ranku na shekara talatin. Shugabannin Zumuntar Matasa suna iya keɓe Asabar guda kafin a fara sayar da takardar JAMB, a gayyaci ma'aikata biyar ko shida na ikilisiya, a zauna ƙungiya ƙungiya a ƙarƙashin itace, yara su yi ta tambaya.

Kai kuma ɗana, a daren da ka dawo ka rubuta abin da ka ji tun ba ka manta ba. Ran Lahadi ka nemi mutumin bayan sujada ka sake yi masa godiya, in kuma ka yanke shawara daga baya, ka koma ka gaya masa abin da ka zaɓa. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.